Fasfon Mama Ya Ɓata a Layin Awo

Da hantsi, Sufeto yana cikin shan shayinsa a ofishin 'yan sanda na filin jirgin sama, sai Kofur ta leƙo ta ce an sace wa wata tsohuwa fasfo a zauren jirgin araha, har ɗanta ya shaƙe wani ma'aikaci.

Sufeto ya ajiye kofi ba da son ransa ba. Duk filin jirgin nan babu inda ya tsana kamar wannan zaure. Kamfanin yana sayar da tikiti kamar kyauta, sai mutum ya zo ya tarar jaka da kuɗinta, kujerar taga da kuɗinta, ruwan sha ma sai ka saya. Saboda haka kullum za ka ga manyan mutane durƙushe a ƙasa gaban sikeli, akwatuna a wangale, ana rage takalma ana tsine wa juna a hankali.

Ya tarar da tsohuwar zaune a kan wata ƙatuwar akwati da aka naɗe da leda tamau. Siririya ce a fuska, amma jikinta ya yi suntum, domin riguna ne a kanta wata bisa wata, ga kuma rigar sanyi a sama, gumi na bin wuyanta.

"Sannu, Mama. Zazzaɓi kike yi?"

"Lafiyata ƙalau, ɗan nan. Kaya ne suka fi awo, aka ce in sa sauran a jikina, wai jiki ba a auna shi."

"Ina za ki?"

"Wurin autata. Aikin jinya take a can waje, ta haihu, ban ga jaririn ba sai a waya."

"Fasfon fa, a ina kika ajiye shi?"

Ta ɗaga wata ƙaramar jakar hannu, ta nuna aljihun gefe. Ta ce da hannunta ta mayar da shi nan bayan an duba a ƙofar shiga, ta ja zif.

Kafin ta rufe baki babban ɗanta ya shigo zancen. Akanta ne, mai lissafin kuɗi a wani kamfani, dogo, da tabarau, rigarsa a goge kamar za shi ɗaukar hoto.

"Yallaɓai, babu wani dogon bincike. Ga ɓarawon can. Shi kaɗai ne baƙon da ya matso kusa da kayanmu."

"Ka ga lokacin da ya ɗauka?"

"Ban gani ba, amma wa zai ɗauka in ba shi ba?"

"Kai ka taɓa riƙe jakar hannun?"

"Ko kusa. Mama ba ta ba kowa jakarta."

Tsohuwar ta dubi ɗanta, ta dubi ƙasa. Sufeto ya lura da wannan, ya kuma lura da allon da ke saman kantar kamfanin jirgin, wanda ke nuna an kusa rufe karɓar fasinja. Jirgin araha ba ya jiran kowa, tikitinsa kuma in ya wuce ya wuce.

Wanda ake zargin mai naɗe akwatuna da leda ne, magidanci mai furfura a gemu. Yana tsaye jikin injinsa, wuyan rigarsa a yage, shugabansa ya riga ya karɓe katin aikinsa tun kafin a tambaye shi komai.

"Ka taɓa jakar hannun tsohuwar nan?"

"Wallahi ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Kofur ta caje ni har safa. Ni babbar akwati kawai na naɗe, sau biyu."

"Me ya sa sau biyu?"

"Na farko sun naɗe kafin su auna, duk da na ce su fara aunawa. Suka je sikeli ta fi nauyi, suka farke ledar, suka rage kaya, ɗan nata ya dawo da ita."

"Shi kaɗai ya dawo?"

"Shi kaɗai. Abin da ma ya ba ni mamaki, a karon farko sai da ya kusa cinye ni da ciniki, har masu layi suka fara tsaki. A karo na biyu ko tambayar kuɗin bai yi ba. Cewa ya yi in ƙara mata leda, in matse ta sosai, in yi sauri."

Sufeto ya ce da shugaban nasa ya ajiye katin a aljihu tukuna, kada ya kai shi ofis.

Matar akantan tana can gefe jikin ginshiƙi, rungume da wata ledar kayan da aka rage. Tun da Sufeto ya doso ta take gyara mayafi.

"Ke kika shirya akwatin?"

"A'a, ni ban ma san abin da ke ciki ba. Mama da Yaya suka shirya," in ji ta, tana nufin mijinta.

Sufeto ya leƙa ledar hannunta. Takalma ne masu tsini, da kwalaben man shafawa, da wani agogon bango a kwalinsa.

"Mama ce ke hawa wannan tsinin?"

Ta yi tsuru-tsuru, sannan ta sauke murya. Saƙon ƙawarta ne, za a kai wa 'yar uwar ƙawar a can. Ita ta cusa su a ƙasan akwatin da safe ba tare da kowa ya sani ba, su ne kuma suka ja aka fi awo. Ta roƙe shi don Allah kada ya gaya wa mijinta cewa da gangan ta ɓoye.

"Wannan tsakaninku ne. Da aka rage kayan, sai me ya faru?"

"Har yanzu da ɗan saura, sai ya ce in raka Mama banɗaki ta sa rigunan a jiki."

"Da jakar hannunta ta shiga?"

"Ina fa! Hannayenmu duk riguna. Shi ta miƙa wa ya riƙe."

"Da kuka fito fa?"

"Mun same shi a layi, har an sake naɗe akwatin. Na yi mamaki ma, don shi mutum ne da sai ya auna abu sau uku."

Sufeto ya wuce wurin kantar kamfanin. Ma'aikaciyar da ke wurin ta gaji da duniya tun kafin azahar, tana magana idonta na kan kwamfuta.

"Yallaɓai, in ba fasfo babu abin da zan iya. Ina rufewa, na rufe."

"Na sani. Duba min sunan tsohuwar nan. Akwai wani abu da bai yi miki daidai ba?"

Ta danna, ta ɗan yamutsa fuska.

"Ba su yi rajistar shiga jirgi ta waya ba. A wurinmu dole fasinja ya yi ta tun daga gida, in ya bari sai a nan, tarar da za mu ci shi ta kusa kuɗin tikitin. Muna aika tunatarwa har mutum ya ji haushinmu."

"Wa kuke aika wa?"

"Lambar ɗanta ce a kai. Ya ma buɗe shafin, ga shi nan ya nuna, amma bai ƙarasa ba."

"In mutum ya buɗe, me zai gani?"

"Ranar tafiya, nauyin kaya, shi ke nan. Tikitin zuwa ne kawai, babu na dawowa."

"Kuna ɗaukar mai ziyara a haka?"

"Sai in izinin zama ne a fasfonsa. Nata haka aka rubuta."

Sufeto ya roƙe ta ta ja ƙafa kaɗan da mutanen da suka rage a layi. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma ya ga ta fara tambayar wani fasinja ko shi ya shirya jakarsa da kansa, a natse, kamar mai karanta wa yaro labari.

Ya koma wurin iyalin. Ya ari wuƙar yankan leda daga hannun mai naɗin, ya roƙi Mama ta tashi daga kan akwatin.

Akantan ya yi wuf ya dafe ta.

"Yallaɓai, me za a yi? An auna ta daidai, an naɗe. In aka farke sai an sake biya."

"Ni zan biya."

"Ɓata lokaci ne kawai! Ga ɓarawo a tsaye kuna kallonsa."

"Malam, kai mutum ne da ka sa wa mahaifiyarka riguna huɗu a cikin zafin nan don kada ka biya kilo guda. Ka yi ciniki a kan leda har layi ya gaji da kai. Amma ka bar rajistar waya, wadda tararta ta ninka duk wannan. Mutum irinka ba ya mantuwa da tara. Ka bar ta ne don ka san ba za a kai ga biya ba."

"Intanet ne ya..."

"Ka ce ba ka taɓa jakar hannu ba. An ba ka ka riƙe lokacin da suka shiga banɗaki, akwatin nan kuma tana buɗe a gabanka. Ɗauke hannunka."

Ledar ta yi ƙara da wuƙa ta bi ta. Kofur ta zuge zif, ta ɗaga tawul na sama, ta zura hannu ta gefe. Fasfon yana nan a soke tsakanin kayan jarirai, cikin wata 'yar hula da Mama ta saƙa da hannunta.

Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Yaya!" Mai naɗin leda ya zauna a ƙasa daɓas, ya rufe fuska da tafin hannu. Akantan kuwa ya cire tabarau, ya rasa inda zai sa shi.

"Dabarar ba laifi," in ji Sufeto. "Ko an caje ka ba za a samu komai ba. Jirgi ya tashi, ku koma gida, a buɗe akwati a ga fasfo. Sai a ce wa ya sa shi ciki?"

Akantan ya kawar da kai.

"Ina tambayarka."

"Sai a ce Mama ce ta manta," ya faɗa, da ƙyar ake jinsa.

"Wannan bawan Allah fa da ka yaga wa riga?"

"Ban yi niyya ba. Mutane ne suka taru suna tambaya, dole in nuna wani."

Sai ya juya ga mahaifiyarsa, bakinsa ya buɗe gaba ɗaya.

"Mama, don ke na yi. Ba ki san abin da Auta ta shirya ba. Na buɗe tikitin nan na ga babu ranar dawowa. Ba ziyara ba ce, ɗauke ki za ta yi gaba ɗaya, ki je ki zama mai raino a ƙasar da ba ki san kowa ba. Tun rasuwar Baba wa ke kula da ke? Wa ke ƙirga miki magani? Na hana ki shiga kicin don kada ki ƙone, na hana ki fita ke kaɗai don kada ki faɗi. Ita me ta sani? Yaudararki ta yi, Mama."

Sufeto ya sha ganin masu laifi suna kuka, yawanci don an kama su ne. Wannan kam tsoro ne tsagwaronsa, irin na wanda ya binne mahaifi bai warke ba, kuma Sufeto ya ji tausayinsa, duk da hakan bai rage komai daga abin da zai rubuta ba.

Ya miƙa wa tsohuwar fasfonta.

"Mama, kin ji abin da ya ce. Kantar tana buɗe har yanzu. Tafiya ko zama, ke za ki faɗa."

Ta karɓa, ta sa a aljihun gefe, ta ja zif. Ta matso gaban ɗanta, ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan riga da ya karkace wurin kokawa.

"Babba," ta ce, "ba ta yaudare ni ba. Ni na je ofishin jakadanci da ƙafata, ranar da ka zaci ina gidan maƙwabta. Ni na ce mata ta yanki na zuwa kawai."

"Mama..."

"Na saƙa hular nan a ɓoye, don ka ce allura za ta soke ni. Ni da na yi rainonku ku shida. Na so in gaya maka, na san abin da za ka ce, cewa na fara rikicewa. Yau ga shi har shaida ka so ka haɗa."

Ta dubi Sufeto.

"A mayar wa mutumin nan katinsa. Shi kuma ɗan nan nawa, bai karya ba ya fito, a ba shi wani abu ya sa a cikinsa."

Mai naɗin leda ya tashi ya jawo akwatin zuwa injinsa, ya naɗe ta karo na uku bai karɓi ko sisi ba. Surukar ta tura ta zuwa sikeli, tana sharar hawaye, ta buɗe jakarta ta biya tarar da kanta. Ma'aikaciyar ta buga takardar shiga jirgi, ta rufe kantar a bayan Mama.

Sufeto ya gaya wa akantan laifinsa a taƙaice, ɓoye takardar tafiyar wani, ƙarar ƙarya, da cin zarafin ma'aikaci. Kofur ta ciro ankwa, ya girgiza mata kai, ta mayar.

"Yallaɓai, don Allah bari in ga shigarta."

Sufeto ya bari. Suka tsaya su uku jikin igiyar da ke raba masu tafiya da masu rakiya. Mama ta miƙa fasfonta ga mai duba takardu da hannunta, ta amsa tambayarsa da bakinta, har ta faɗi wani abu da ya sa shi dariya. Akantan ya ɗaga hannu ya riƙe shi a sama yana jira. Ta bi layi ta shige, ba ta waiwayo ba.

"Mu je, Malam," in ji Kofur, ta kama gwiwar hannunsa.