Ɓangaren Maƙwabci

Mai gyaran kwamfuta na shirin rufe shago ke nan, layin ya yi tsit, sai ga wani dogon mutum da laftop a hammata. Sallamarsa ta fito kamar daga cikin randa.

"Baba, ai mun tashi."

"Aikin ba yawa, ɗana. Faifan ajiyar nan gida biyu aka raba shi, kowane ɓangare da manhajarsa. Namu ya yi mana kaɗan. Rage na maƙwabci ka ƙara mana."

Mai gyaran ya kunna ta. Sanyi ƙalau take, kamar daga rijiya aka ciro ta, fankarta ko motsi. A ƙa'idarsa ba ya taɓa ɓangaren kowa sai ya leƙa ya kwafe abin da ke ciki, amma barci na cin idonsa, ya ce yau dai a yi haƙuri. Ya kama layin da ya raba faifan a kan allo, ya ja.

Wani abu ya gurza a bayansa. Ya sake ja, sai kantar kayan aiki ta tokare masa kafaɗa, kantar da kullum sai ya miƙe yake isa gare ta. Ya waiga. Inda ƙofa take ɗazu, bango ne sumul.

Sai ya buɗe ɓangaren maƙwabcin. Shago ne a ciki: ga tebur, ga fitila, ga ƙeyar wani mutum sunkuye kan laftop.

Numfashi mai sanyi ya sauka a wuyansa.

"Ƙara ja, ɗana. Iyalina ba su gama shigowa ba."