Ƙyauren da Lesieli Ta Rufe

Ranar da Lesieli ta sauka a gonar Kawu Colin, bakinta ya ƙi rufuwa don murna. Daga tsibirin Tonga ta zo Ostiraliya karatun sakandare, kuma a wannan gida aka ba ta masauki. Shekarunta goma sha uku. Ba ta taɓa ganin fili mai faɗi haka ba, balle tumaki dubu biyu na mutum ɗaya.

Ta tambayi matar gidan, "Anti Noreen, duk waɗannan naku ne?"

"Namu ne, da su da ciwon kansu," in ji Anti Noreen tana dariya.

Komai burge ta yake yi. Ga motar makaranta mai tsayawa a bakin titi, ga ɗaki nata ita kaɗai. Ga kuma Tegan, 'yar gidan, sa'arta, ajinsu ɗaya.

Abu guda ne ya tsaya mata a rai. Ba a sa ta aiki. In ta ɗauki tsintsiya, a ce ta ajiye. In ta nufi wanke-wanke, a ce, "Huta abinki, ke baƙuwa ce."

"Ni da za a ce min haka, ai har rawa zan yi," in ji Tegan.

Lesieli ba ta ga abin rawa ba. A garinsu, yaron da ba a aikensa ba ɗan gida ba ne. Ita kuwa so take ta zama 'yar gida, ko ta halin ƙaƙa.

Wata ranar Juma'a Tegan ta tsaya wasan ƙwallo a makaranta. Lesieli ta sauka daga mota ita kaɗai, ta kama hanyar gida. Can sai ta hangi wani babban ƙyauren ƙarfe a jikin shingen waya, a buɗe wangalau.

A gidansu na Tonga, duk wanda ya bar ƙyaure a buɗe sai ya sha faɗan kakarta, don kafin ka juya aladu sun shiga sun tone doya. Ta ajiye jaka, ta tura ƙyauren da dukan ƙarfinta, ta ɗaure shi da sarƙa tam.

Ta ƙarasa gida tana tsalle. Ba ta faɗa wa kowa ba. Tana jira su gane da kansu, su yabe ta.

Washegari aka tashi da rana mai ƙuna, irin ta watan Fabrairu a Ostiraliya. An yi alkawarin kai ita da Tegan cikin gari su yi ninƙaya da yamma, Lesieli har ta shirya tawul tun da safe. Suna cin abincin rana sai Kawu Colin ya leƙa ta taga.

"Abin mamaki," ya ce. "Tun safe ban ga tumakin filin arewa sun zo shan ruwa ba. Tafkinsu ya ƙafe, shi ya sa na bar musu ƙyaure a buɗe su riƙa zuwa kwamin da muke zuba musu ruwa."

Lesieli ta ajiye cokalinta. Tun jiya tumakin nan ba su sha ruwa ba, kuma ita ce sanadi. In ta yi shiru, babu wanda ya gan ta. In ta faɗa, wataƙila a haɗa mata kayanta a mayar da ita Tonga. Ta dubi ranar da ke waje, ta ji ba za ta iya yin shirun ba.

"Kawu," ta ce, "ni na rufe shi. Jiya da yamma."

Kawu Colin bai tsaya faɗa ba. Ya suri hularsa. "Kowa ya hau mota. Tegan, kira kare."

Suka ɗare bayan a-kori-kura, motar ta cilla da gudu, ƙura na bin su. Lesieli ta ƙanƙame ƙarfe.

Tun daga nesa suka hango su. Tumaki ɗari uku sun cushe a bakin ƙyaure, suna haki, suna kuka.

"Ke kika ɗaure, ke za ki kwance," in ji Kawu Colin. "Da kin buɗe ki haye kan shinge, kada su bi ta kanki."

Ta kwance sarƙar, ta ɗare shinge kamar biri. Tumakin suka kwararo. Kare ya sha gabansu, Tegan na kaɗa hula don kada su tattake juna. Ba a jima ba suka jeru a kwami, ba ka jin komai sai ƙarar shan ruwa.

Lesieli har ta fara murmushi, sai ta ga wani ɗan rago kwance a gindin shinge. Ya kasa tashi. Ta ruga ta ɗauke shi, hawaye na zuba.

A gida Anti Noreen ta haɗa ruwa da gishiri da sukari a kwalba. "Kaɗan-kaɗan za ki riƙa ba shi, a inuwa. Ninƙaya kam yau ta wuce ki."

"Na yarda, Anti."

Tegan ma ta fasa zuwa. Ta zauna kusa da ita tana tsokana. "Kin ce kina son aiki, ga shi kin samu har da ƙari."

Da la'asar ɗan ragon ya ɗaga kai. Ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa, ya tsaya da ƙafafunsa. Yaran biyu suka rungume juna don murna.

Kawu Colin ya zo ya duba shi. Lesieli ta sunkuyar da kai. "Kawu, za ku mayar da ni gida?"

"A kan me? Da kin ɓoye, da gobe gawa za mu kwasa. Amma ki riƙe wannan: a nan, yadda ka sami ƙyaure haka kake barinsa. A buɗe, ka bar shi a buɗe. A rufe, ka rufe. Ni ma da laifina, da ban faɗa miki ba." Ya gyara hularsa. "Daga gobe duba kwamin ruwa aikinki ne, kullum da sassafe. Kuma ban son jin an makara."

"Kayya, kin shiga uku," in ji Tegan. "Yanzu ke ma za a riƙa yi miki faɗa kamar ni."

Lesieli ta yi dariya har da riƙe ciki. Tun da ta zo ƙasar nan ba ta ji magana mai daɗin wannan ba.

Daga ranar ta koyi abu biyu. In ka je gidan mutane, ka tambaya kafin ka gyara abin da ba ka san dalilinsa ba. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun ana iya gyara shi.