Wanda Ya Riƙe wa Modu Wuri

Da la'asar ta yi, Mariƙi ya fara zagayensa. A ƙarƙashin hasumiyar kamfanin Sararin Wasanni, cikin birnin Tudun Haske, rumbunan na'urori suna gunji a hankali cikin sanyin da aka tanadar musu, shi kuwa yana bin majalisun Dandali ɗaya bayan ɗaya yana duba wuraren zama. Inda ya tarar mai wuri bai shigo ba, sai ya ta da surarsa, ya sa mata rigar da ya saba sawa, ya ara mata muryarsa da irin dariyarsa, ya tako da ita har bakin tabarma. Ta yi sallama, a amsa mata, ta zauna.

Dandali shi ne wasan kwamfuta mafi girma da aka taɓa ginawa a ƙasar. An zuba masa dukiyar da za ta gina jami'o'i, an shafe shekaru ana zana masa kasuwanni da koguna da fagagen yaƙi, domin mutum ya sa tabaran shiga daga ɗakinsa ya tarar da miliyoyin mutane a gari guda. Bayan an buɗe shi, masu ginin suka ga abin da ba su zata ba. Mutanenmu ba yaƙi suke zuwa yi ba. Inuwa suke nema, su shimfiɗa tabarma, su buga dara, su yi hira. Aka kuma lura cewa idan mutum ɗaya ya daina zuwa, majalisarsa ba ta daɗewa. Wannan ya ce tunda wane ba ya nan bari ya tashi, gobe wancan ma ya bi sahu. Masu zuba jari suka tsorata, shi ya sa aka ƙera Mariƙi, manhajar da ke riƙe wa wanda bai zo ba wurinsa. Aka kafa doka cewa ko ma'aikatan kamfanin ba za su san wace sura ce mai ita yake ciki ba, wace ce kuma ake riƙe masa.

Hammadu ne ya koya wa Mariƙi magana. Matashin injiniya ne, Bafulatanin Jalingo, yana zaune shi kaɗai a wani ɗaki na saman hasumiya wanda tagarsa ke kallon bangon wata hasumiyar. Duk faɗin duniya abokinsa na ƙut da ƙut ɗaya ne, Modu, Babarbaren Nguru da suka yi jami'a tare. Tun da suka rabu, a Dandali suke haɗuwa, a gindin wani ɗurumi, tare da Malam Barau tsohon direban jirgin ƙasa da wasu mutum kaɗan.

Ranar nan Hammadu ya sa tabarau ya shiga, ya tarar da Modu a wurinsa.

"Bawana ya iso," in ji Modu. "Ka tatso nonon, ko shanun ma sun gaji da kai?"

"Ji bawa yana kiran ubangijinsa bawa. Ina gajiya, Modu?"

"Babu gajiya."

"Ya jikin?"

"Alhamdu lillahi."

Aka yi dara, aka yi musun kokawa. Da Hammadu ya miƙe, Modu ya tashi ya taka masa kamar yadda aka saba. A nan ne hankalin Hammadu ya kasa kwanciya. A gaban jama'a kowa lafiya yake. Haka aka tashe mu. Amma idan aboki ya raka abokinsa, suka ba majalisa baya, murya takan sauka. A irin wannan rakiyar ce Modu yakan ce, "Wallahi cikin nan ya hana ni sakat," ko ya yi ƙorafin likitan da ke duba shi ta allon kwamfuta. Yanzu kuwa tun damina suna takawa tare har kwanar marina, Modu yana zolayarsa, bai taɓa saukar da murya ba.

Hammadu ya san dalilin da zai iya sa haka. Lokacin da yake tara wa Mariƙi muryoyi, a majalisu ya kafa makirufo, da ƙofofin masallatai, da rumfunan kasuwa. Bai bi kowa rakiya ba, don a tarbiyyarsa ba a bin mutum biyu da suka keɓe. Abin da ake faɗa a can Mariƙi bai taɓa jin sa ba.

Ya rasa hanyar tabbatarwa. Duk kiran da zai yi wa Modu ta cikin Dandali yake bi, domin mutane sun daɗe da watsar da lambobin waya. Washegari ya hau jirgin ƙasa na maganaɗisu zuwa Nguru, yana kallon filayen farantan wutar hasken rana suna wucewa, yana shirya faɗan da zai yi wa Modu in ya same shi kwance bai gaya masa ba.

Wata mace mai manyan shekaru ce ta amsa sallamarsa daga bayan ƙyaure. Fanna ce, yayar Modu.

"Yaya, ni ne Hammadu, abokin karatunsa."

Ta daɗe tana dubansa. "Kai ne Bafulatanin? Shigo, ga tabarma." Ta kawo masa ruwa, ta jira ya sha, suka gaisa gaisuwa cikakkiya. Sannan ta ce, "Modu ai kwana ya ƙare. Tun farkon damina."

Hammadu ya ajiye kofin a hankali. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ya sha jinya. Da ciwon ya tsananta ya daina iya ɗaukar tabaran nan a kansa. Na ce masa in aika wa abokanka? Ya ce a'a, Yaya, kar ki ɗaga musu hankali, da sun ga wurina babu kowa za su zo da kansu. Duk motsin ƙofa sai ya ɗago kai." Ta gyara mayafinta. "Mutumin da yake ce mini garinsu na cikin na'ura ya fi Nguru jama'a, da ƙyar aka cika sahu ɗaya a kansa."

Ba ta faɗa da zafi ba. Ta tambaye shi ko zai ci abinci. Ya ce ya ƙoshi, ya nemi a nuna masa kabarin, ya tsaya a kansa har rana ta karkata.

Da ya koma Tudun Haske, ofishin Injiniya Barira ya nufa, shugabar sashen gine-ginen wasan.

"Ranki ya daɗe, ina so a janye surar wani mamaci, a bar ni in sanar da majalisarsa."

"Allah ya jiƙansa," in ji ta. Ta cire gilashinta ta murza ido. "Hammadu, ka san a Dandali ba a mutuwa. Ko maƙabarta ba mu zana ba. Ga sabon gari muna shirin buɗewa, wanda ya ninka wannan. Idan aka fara ganin wurare babu kowa, me zan gaya wa masu jari?"

"Wuri ɗaya na roƙa."

Ta mai da gilashinta. Daga bisani ta taɓa allonta. "Ɗaya. Kuma ban ji wannan maganar ba."

Da la'asar ya shiga. A gindin ɗurumin akwai gurbi a gefen tabarma, karo na farko. Malam Barau yana jera 'ya'yan dara, sauran suna musu a kan wani ɗan kokawa. Hammadu bai zauna ba.

"Jama'a, ina da sanarwa. Allah ya yi wa ɗan'uwanmu Modu rasuwa. Tun damina aka binne shi a Nguru. Jiya na dawo daga kabarinsa."

Fuskoki suka juyo gare shi. Ya jira salati. Ya jira Malam Barau, dattijon da ko labarin mutuwar akuya ya ji sai ya cire hula, ya ce wani abu.

"Madalla," in ji Malam Barau, yana murmushi. "Zauna mana, wasanka ne."

Wani ya yi dariya, ya koma kan maganar kokawa.

Hammadu ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗan Adam ɗin da zai ji rasuwar abokin zamansa ya amsa haka. Mariƙi ne kaɗai bai san ta'aziyya ba, domin ba a taɓa tanadar masa ita ba. Ya tambayi kansa tun yaushe Malam Barau ya daina zuwa, da ko yana raye, da ko shi ma yana can kwance yana ɗago kai duk motsin ƙofa. Bai san garinsa ba. Bai san gidan ko ɗaya daga cikinsu ba. Daga inda yake tsaye yana hango wasu majalisun har iyakar gani, kowace cike, kowace tana tashi da hira, a garin da aka kashe masa abin da ba a taɓa kashe wa wani gari na ƙasa da dutse ba.

Ya durƙusa kusa da gurbin, ya ɗaga hannuwansa.

"Allah ka jiƙan Modu, ka gafarta masa, ka sa can ta fi masa nan."

Ya dakata, kamar yadda mai addu'a yake dakatawa don jama'a su amsa. Sai ƙarar 'ya'yan dara a kan ƙasa.

"Amin," in ji Hammadu, ya shafa.