Tumatirin Malam Haladu

"Wai angonki ne yake ruɓar wa mutane da tumatir."

Aishatu Humaira ce ta yar da maganar a shagon tela, gaban ƙawaye biyar, ana gwada wa Ramlat rigar biki. Saura kwana tara a ɗaura aure.

Ramlat ta juyo a hankali.

"Maimaita."

"Duk unguwar Sabo an sani. Manhajar da Uwaisu ya yi wa kasuwar kayan miya ba tsakani da Allah take aiki ba. Babana kwanansa uku a layi, motar da ta zo bayansa har ta kama hanyar Kano."

Kowa ya san Humaira ta so Uwaisu kafin ya ga Ramlat. Ƙawaye suka taɓe baki, suka ce kishi ne. Ramlat ma haka ta so ya zama. Sai dai abin da ta karanta a jami'a ke nan, tantance tsarin kwamfuta da abubuwa da yawa ke gudana cikinsa lokaci guda, kuma a can "kowa ya sani" ba ya ba mutum maki ko ɗaya.

Ta cire rigar, ta tari keke zuwa Ojoo, daga nan ta hau babur ɗin okada zuwa kasuwar.

Kasuwar ƙofa biyu gare ta, wajen sauke kaya kuwa ɗaya. Da, kullum sai an ba hammata iska. Yanzu kowace ƙofa da magatakarda riƙe da waya, ya shigar da lambar mota, manhaja ta faɗi wanda zai shiga.

Wari ne ya kai ta wajen Malam Haladu, mahaifin Humaira. Jan ruwa mai yauƙi na ɗiga ta ƙarƙashin motarsa, ƙudaje sun yi baƙi a kan kwanduna, tsutsa na motsi a bakin ɗaya. Ta toshe hanci da mayafi, sai kunya ta kama ta, ta sauke.

"Baba, sannu da haƙuri."

"'Yata, da na kai gaba sai wayar ta mayar da ni baya. Sun ce na'ura ba ta son kai."

Daga kasuwar ta samu Uwaisu a shagonsa na unguwar Mokola. Ya miƙe da murmushin nan da ya sa ta ƙi maza uku.

"Ramlatuna... amarya da kanta?"

"Yaya Uwaisu, ba ni manhajar kasuwa. Ina so in rufe wa wata baki."

"Haba sanyin idona, sau dubu na gwada ta."

"Ƙofa biyu lokaci guda?"

"Ɗaya bayan ɗaya dai."

"Motoci ba sa jiran juna. Oya, miƙo."

Ya miƙo mata kwamfutarsa, ba don yana so ba.

Sharaɗi biyu ta rubuta wa kwamfuta. Na farko, kada a ba motoci biyu wajen lokaci guda. Na biyu, duk motar da ta shiga layi dole ta samu shiga, komai daɗewa. Sannan ta sa ta bi kowane irin jeri da magatakardan nan biyu za su iya danna wayoyinsu, ba tare da tsallake ko ɗaya ba.

Na farko ya wuce lafiya.

Na biyu ya faɗi.

Kwamfutar ta zayyano yadda abin ke faruwa. Mota ta nemi waje ta ƙofar gabas, kafin a gama rubuta ta wata ta nema ta yamma, sai a mayar da ta farko ƙarshen layi. Ta sake zuwa gaba, a sake. Babu inda zagayen ya ƙare.

Ramlat ta yi ajiyar zuciya. Kuskure ne, kuskure kuwa ana gyara shi.

Sai ta duba dalilin da ya sa ake zaɓar ta biyun. Wani ɗan sharaɗi ne a lafe can ƙasa, ɗauke da lambobin mota bakwai. Tun tana firamare ta haddace uku daga ciki.

Motocin mahaifinta ne, Alhaji Babandi.

"Mene ne wannan?"

Uwaisu ya zauna.

"Wata takwas ina zarya gidanku, Ramlat. Baba ya ce ba zai ba mai danne-dannen waya 'yarsa ba. Rannan ya kira ni, ya ce in nuna masa amfanina..."

"Ka nuna."

"Saboda ke na yi, wallahi. Sai motoci sun nemi waje lokaci guda kaɗai yake aiki. Sau nawa hakan zai faru?"

"Ranar da motocin Arewa suka iso? Daga safe har la'asar."

"Abeg, rabin raina. Yanzu zan goge, ba wanda zai sani."

Ya kai hannu zai kama gefen mayafinta. Ta ja baya. Warin motar nan ne ya dawo mata hanci, a shagon da ke ƙamshin turare.

"Kada ka ƙara cewa saboda ni."

A gida ta tarar da Alhaji kan tabarma yana cin tuwon rana. Bai ko ajiye lomar ba.

"Kasuwa ce, Ramlat. Yaron ya nuna yana da kai, na ba shi ke. Me kuma kike so?"

"A mayar masa da akwatunansa, Baba."

"Kin san abin da za a ce a Sabo?"

"Na san abin da zan ce."

Ta yi kukanta a keke, tun daga Sabo har Ojoo, don har lokacin tana sonsa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

A ofishin ƙungiyar direbobi shugaba na zaune da dattawa huɗu da Malam Haladu. Humaira na bakin ƙofa, ta kawo wa mahaifinta abinci. Ramlat ta durƙusa ta gaida su, ta ajiye takardar da ta buga sakamakon gwajin a kan tebur.

"In motar Alhaji Babandi da ta wani suka nemi waje lokaci guda, ta Alhaji ake ba, ɗayar a mayar da ita baya, ko sau nawa ne. Uwaisu ne ya rubuta. Babana ne ya sa shi."