Gunkin da Ya Kwana a Gindin Shinge

Da safiyar Asabar aka wayi gari Yaron Prague ya ɓace daga gidan wasan barkwancin da ke bayan kasuwa a Galway. Ɗan gunki ne irin na coci mai jar alkyabba da kambi, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Kullum da yamma ɗan wasa Fintan Mulkerrin kan sa rigar fada, wato limamin coci, ya durƙusa gabansa yana kai masa gulmar limaman coci, baƙi 'yan yawon buɗe ido suna ta shewa.

Sajan Attracta Conneely ta iso tana ƙyafta ido, don bayan mako biyu ana tafka ruwa, ranar ce rana ta fito tarwai. Ta duba ƙofar baya, ba a ɓalle ta ba. Akwatin kuɗin tikiti na nan, tufafin wasa ma ba a taɓa ba.

Mista Lydon, mai gidan wasan, sai huci yake. "Gadon gwaggona ne, Sajan! Dympna ke riƙe da makullin ɗakin kaya. In bai fito kafin wasan yamma ba, ta kama gabanta."

Dympna ta tsufa a gidan nan tana ɗinke fukafukan mala'ikun wasa, ba ta san wata sana'a ba. Tausayinta ya kama Sajan.

"Yaushe kika gan shi ƙarshe?"

"Jiya bayan an tashi. Na goge shi na ajiye."

"Wa kuma ke da makulli?"

"Fintan. Amma me zai yi da shi? Mutumin da ke cewa rabonsa da coci tun ranar da aka raɗa masa suna, ranar ma ɗaukarsa aka yi."

"Yana ina?"

"Gida. Yau yake aurar da 'yarsa."

A bakin ƙofa kuwa ga Misis Concepta Hession, tsohuwar da ba ta fashin zuwa da carbinta tana roƙa wa 'yan kallo shiriya, su kuma suna ɗaukarta hoto a zaton cikin wasan take.

"Baba Concepta, sau nawa kika ce sai kin ceto gunkin nan?"

"Na faɗa, 'yar nan, zan kuma. Amma dubi ƙuguna, ki dubi matakalar benen ɗakin kayan can. Da ina iya hawa ai harshen Fintan zan fara ɗaukowa."

Sajan ta dubi matakalar, ta yarda. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ko ɗigon gajimare babu. Sai dariya ta ƙwace mata.

Ta tarar da Fintan a ƙofar gidansa cikin kwat ɗin biki, fure a ƙirji.

"Sajan! Zagin fada ya zama laifi ne yanzu?"

"Jiya bayan wasa ina ka nufa?"

"Gida, kai tsaye."

"Ka ji gunki ya ɓace?"

"To ya nuna ikonsa mana, ya dawo da ƙafarsa."

Sajan ta wuce shi. Ta bi shingen lambunsa a sunkuye tana ɗaga rassa, shi kuma yana biye da ita yana rantsuwa da abubuwan da ya ce bai yarda da su ba. A kusurwa ta hango jar alkyabba, raɓa ta jiƙe ta.

"Ɓarawon kuɗi ba ya tsallake akwatin tikiti," in ji ta. "Mai kishin addini kuma ba ya iya hawa bene. Saura mai makulli da ke da biki yau. Kowace kaka a ƙasar nan ta san in ana so kada ruwa ya ɓata aure, Yaron Prague ake kwantarwa a gindin shinge daren jajibiri. Tawa ma ta yi mini."

Fintan ya zauna daɓas a kan matakala. "Rigar yarinyar doguwa ce, Sajan, a fili kuma za a yi hotuna. Masu hasashen yanayi sun ce ruwa har Talata. Ni fa ban yarda da komai ba." Ya saci kallon rana. "Amma dai kin gani."

"Abin da na gani, Dympna za ta rasa aikinta. Kira Lydon."

Ya kira, ya faɗi gaskiya da murya ƙasa-ƙasa, ya ce a ba Dympna haƙuri. Sajan ta miƙa hannu za ta ɗauki gunkin, ya yi wuf ya tare.

"Don girman Allah, bar shi a gama hotuna!"

Ta bar shi.

"Abu ɗaya kuma, Sajan. Kai ni kotu in kin ga dama, amma kada Concepta ta ji."

"Ai ita ta nuna mini gidanka."

Fintan ya waiga. Tsohuwar na zaune a gaban motar 'yan sanda, ta sauke gilashi, tana ɗaga masa carbi, bakinta har kunne.