Waƙoƙin da Suka Ɓace daga Gafakar Malam Sufyanu

Da hantsin ranar Laraba Fa'izu ya kwance igiyar gafakar, ya zaro takardun, ya ji ba su kai nauyin da ya sani ba. Ya sake ɗaga su a tafin hannunsa. Sannan ya ƙwala wa Malama Nazifa kira.

Ita ce ke kula da ɗakin karatu na al'umma da ke Talata Mafara, wanda ƙungiyar malaman yankin ta gina. Fa'izu kuwa shi ne masanin kwamfuta da suka ɗauko ya gyara musu kundin littattafai, ya ɗora shi a intanet. A sabon tsarin, mutum na zaune a gida zai nemi littafi da wayarsa, ya ga ko yana nan, ya ga ma inda aka ajiye shi. Babban abin da ake ɗoki shi ne hotunan tsofaffin rubuce-rubucen hannu da gidajen malamai suka ba da aro. Gafakar nan ta marigayi Malam Sufyanu na Bakura ce, kuma ita ce ta farko da aka kawo.

Nazifa ta duba takardun, ta dafe kai. Ba ta taɓa komai ba, ta kira ofishin 'yan sanda.

Sufeto Jibo ya iso tare da Kofur Amira. Mutum ne mai jiki, ba ya gaggawa, kuma yana son aikin da babu jini a cikinsa. Bayan doguwar gaisuwa ya zagaya ɗakin. Ƙofa lafiya lau, tagogi lafiya lau. Akwatin gilashi da ke zauren karatu ba a taɓa shi ba. A ɗakin baya, inda ake ɗaukar hoto, akwai kabad mai aljihuna da yawa, kuma babu wanda aka hargitsa.

"A ina gafakar take kwana?" in ji shi.

"Da farko a akwatin gilashi, kowa na gani," in ji Nazifa. "Ranar Litinin muka mai da ita aljihun ƙasa na kabad ɗin nan, saboda aikin hoto."

"Wa ya san an mai da ita nan?"

"Ni da Fa'izu. Ba mu faɗa wa kowa ba."

"Me aka ɗauka?"

"Waƙoƙi, ranka ya daɗe. Ga bayanin fiƙihu nan, ga wani tsohon littafi na Larabci mai zanen ja da ruwan zinari, wanda ya fi komai daraja. Duk suna nan. Waƙoƙin ajami kaɗai aka zare daga tsakiya."

Jibo ya sunkuya ya dubi takardun. Warwara suke, babu ɗinki, babu lambar shafi, rubutun duk iri ɗaya ne a idonsa.

"Jiya kin bar wurin nan?"

"Na fita sallar azahar, na biya ta kasuwa na sayo kayan miya, tunda jiya Talata ce. Na bar mutane suna karatu a zaure. Ɗakin baya janyo shi kawai na yi, ban kulle ba." Ta dubi gafakar. "Amana aka ba ni. In wannan magana ta fita, babu gidan malamin da zai sake ba mu ko takarda ɗaya."

Jibo ya juya ga Fa'izu, wanda ke ta share gumi.

"Kai kana da makulli?"

"Ina da shi."

"Jiya kana ina?"

"Gusau, na je karɓo fitilar ɗaukar hoto. Ga ta can a kwali, direban da ya kawo ni yana tasha."

Jibo ya zaro takarda ɗaya ya miƙa masa. "Karanta mini."

Fa'izu ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya yi dariyar kunya. "Wallahi hoto kawai na iya ɗauka. Wannan rubutun ya fi ƙarfina."

"To nuna mini abin da ka iya."

Nan Fa'izu ya saki jiki. Ya buɗe kundin a kwamfuta, ya rubuta sunan Malam Sufyanu. Bayani ya fito: tarin rubutun hannu daga Bakura, akwai fiƙihu da waƙoƙin noma da na wa'azi, za a saka hotunansu wannan makon. A ƙasa kuma an rubuta: ɗakin hoto, aljihun ƙasa.

Jibo ya ɗora yatsa a kan layin. "Malama ta ce ba ku faɗa wa kowa ba."

Fa'izu ya ce, "Kundin da kansa yake nunawa. Sabon abu ne na ƙara. Amma ba a buɗe wa jama'a ba tukuna, gwaji muke yi. Bayan mu biyu, 'yan kwamiti biyu kaɗai na ba damar shiga: Alhaji Khalifa da Malam Abdulrahman na Maradun."

Alhaji Khalifa suka fara samu, a shagonsa na takin zamani da irin shuka. Ya sa aka kawo musu fura mai sanyi kafin ya yarda a yi magana. Da Jibo ya tambaye shi kundin, sai ya fiddo wata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai ya ajiye a kan buhu.

"Wagga ita ce wayata, Sufeto. In ta iya buɗe abin da kake faɗi, ka tai da ni. Jiya kuwa ran kasuwa, ko sallah a ƙofar shagon nan ni yi ta. Tambayi duk layin ga."

Amira ta tambaya. Maƙwabtansa suka tabbatar.

Malam Abdulrahman malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare a Maradun, kuma an san shi da rera waƙoƙi a tarukan makarantu da na manoma. Jibo ya kira shi a waya. Ya amsa cikin ladabi, ya ce lallai ya leƙa ɗakin karatun jiya kamar yadda yakan yi duk ranar kasuwa, ya karanta jarida ya tafi.

"Ka san abin da ke cikin gafakar?"

"A'a, ranka ya daɗe. A gilashi kawai na hange ta. Ban san mutanen gidan ba."

Jibo ya yi godiya ya kashe wayar. Ya ce wa Amira su tafi Bakura.

Damina ta zauna sosai, gero da dawa sun rufe gefen hanya, shinkafa ta yi kore shar a fadama. Jibo ya sauke gilashin mota yana shaƙar iska. Suka tarar da Malam Sharhabilu, ɗan marigayin, a zauren gidansu. Dattijo ne da ya yi yawancin rayuwarsa yana fatauci a kudu, bai daɗe da dawowa gida ba. Ya saurari labarin bai ɗaga murya ba.

"Tun da Baba ya rasu gafakar ga tana cikin akwati, ba mai buɗe ta," in ji shi. "Ni nic ce a kai, don jikokinmu da ke nesa su gani a waya. Yayata Taiba ba ta so ba, sai da na lallashe ta. Yanzu mi zan ce mata?"

"Ka san waƙoƙin?"

"Ban riƙe ba, na bar gida da wuri. Taiba ce ta haddace su."

Amira ta shiga cikin gida. Ta sami Inna Taiba a inuwar rumbu tana tsince wake a faifai. Tsohuwar ba ta yi kuka ba da ta ji abin da ya faru, sai dai ta ajiye faifan gefe.

"Takarda sunka ɗauka, ɗiyata. Abin yana nan," ta dafa ƙirji. Sannan ta soma rerawa a hankali:

*Ya mai saukar da ruwan damina,*
*Jiƙa mini gero a gonakina,*
*In ciyar da baƙo da maƙwabtana.*

Amira ta gane waƙar nan take. Ta bari tsohuwar ta kai ƙarshe, sannan ta ce, "Inna, Malam yana da ɗalibai daga Maradun?"

"Da yawa. Amma akwai guda mai zaƙin murya, Abdu. Shi Baba ke sa wa ya rera in ya gama rubutawa. Nan gidan ya ci tuwo shekaru."

Da suka koma mota Amira ba ta jira an tambaye ta ba.

"Yallaɓai, na san waƙar nan. A Maradun na yi sakandare. Duk ranar rabon kyaututtuka Malam Abdulrahman ke rera ta, kuma cewa ake tasa ce. Har suna aka sa masa da ita, Mai Waƙar Damina."

Jibo ya gyaɗa kai, ya tayar da mota.

Sun isa Maradun bayan la'asar, tare da Malam Sharhabilu, wanda ya nace sai ya bi su. Malam Abdulrahman yana zaune a ƙofar gidansa yana duba aikin ɗalibai. Ya tashi da fara'a, amma da ya ga dattijon sai fara'ar ta tsaya. Aka gaisa, aka tambayi iyali da damina, aka shimfiɗa tabarma.

"Malam, zan faɗa maka yadda na yi tunani, in na kauce ka gyara mini," in ji Jibo. "Wanda ya shiga ɗakin nan bai yi lalube ba. Kai tsaye ya nufi aljihun ƙasa. Kowa a gari ya san gafakar a gilashi take, kundin intanet ne kaɗai ya nuna an sauya mata wuri, kuma mutum huɗu ke iya buɗe shi. Fa'izu yana Gusau, bai ma iya karanta ajami ba. Alhaji Khalifa yana shago, wayarsa ba ta shiga intanet. Malama Nazifa kullum gafakar na hannunta, da tana so da ba ta jira rana tsaka da mutane a zaure ba."

Jibo ya ci gaba.

"Na biyu, ɓarawon da ke son sayarwa zai saɓi gafakar gaba ɗaya, ko ya ɗauki littafin mai ruwan zinari. Wannan ya bar su. Ya zare waƙoƙi kaɗai daga cikin takardu warwara marasa lamba, cikin ɗan lokacin sallah. Sai wanda ya san hannun Malam Sufyanu kamar nasa. Ka ce mini ba ka san mutanen gidan ba. Inna Taiba ta ce ka ci tuwon gidan shekaru. Na uku, Kofur Amira ɗalibarka ce. Ta ji waƙar damina a bakinka, yau kuma ta ji ta a bakin 'yar mai ita. Da hotunan sun hau intanet, duk ɗalibin da ka koyar zai gani da idonsa."

Alƙalamin da ke hannun Abdulrahman ya faɗi a kan tabarma. Ya dubi Amira, ya sunkuyar da kai. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da wani abu naɗe cikin farin rawani. Ya durƙusa gaban Malam Sharhabilu ya ajiye.

"Suna nan cif. Na yi niyyar ƙona su, na kasa. Hannun Malam ne." Ya share ido. "Ranar farko da na rera, ban ce tawa ce ba. Mutane suka ce, ni kuma na yi shiru. Shirun ne ya yi tsawo."

Sharhabilu ya warware rawanin, ya shafa takardun da tafin hannu. Jibo ya ce masa doka ta ba shi dama ya shigar da ƙara, kuma shaida ta isa.

Dattijon ya girgiza kai. "Sufeto, wanga mutum shi ya riƙe waƙoƙin Baba a bakin mutane lokacin da mu 'ya'yansa munka kulle su a akwati. Ya yi laifi, ba shakka. Amma kotu ba za ta ba ni abin da nike so ba." Ya juya ga Abdulrahman. "Abdu, gobe ka tai Bakura ka ba Taiba haƙuri. Sannan ranar da za a buɗe kundin ga, ka tsaya gaban jama'a ka faɗi mai su."

An buɗe kundin bayan 'yan makonni, a farfajiyar ɗakin karatun, ƙarƙashin rumfa. Nazifa ta riga ta sa sabon kwaɗo a ɗakin hoto, Fa'izu kuma ya gyara tsarin yadda ma'aikata kaɗai ke ganin ma'ajiyar rubutun hannu. Gidajen malamai daga Birnin Tudu da Morai sun zo da nasu gafakun. Fa'izu ya ƙara wani abu da Sharhabilu ya roƙa: a gefen hoton kowace waƙa a saka murya, don wanda bai iya ajami ba ya saurara. A wurin taron za a naɗi ta farko.

Jibo yana zaune a layin baya da kayan gida. Malam Abdulrahman ya karɓi lasifika. A gabansa akwai tsofaffin ɗalibansa da dama.

"Shekaru kuna kirana Mai Waƙar Damina," in ji shi. "Ba ni ba ne. Malamina ne, Malam Sufyanu na Bakura, Allah ya gafarta masa. Ni mai rerawa ne kawai."

Daga ɓangaren mata Inna Taiba ta ɗaga murya.

"Mun ji, Abdu. To rera, kuma kada ka tsallake baitin shinkafa kamar yadda ka saba tun kana saurayi."

Jama'a suka fashe da dariya, har shi kansa. Ya gyara tsayuwa, ya soma.