Tasalla da Leshi Goma Sha Biyu

Har gobe Tasalla ba ta manta ranar da ta fara ganin mijinta ba. A wata iyaka ne, shi ke karɓar kuɗin fito.

Ta dawo daga ƙasar waje da kayan alatu, ta ji an ce abin da mutum ya sa a jiki ba a biya masa fito. Sai ta ɗaura leshi goma sha biyu, ta cusa agogon bango a ƙirji, ta naɗe da darduma.

"Baiwar Allah, me kika kawo?" in ji mai karɓar fiton.

"Ba komai, Malam. Kayan jikina ne."

"Har dardumar?"

"Kayan jikina ne."

"To, bismillah, wuce."

Ta nufi ƙofa, ƙofa ta riƙe ta. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi, gumi kuwa sai zuba yake. Can agogo ya buga sha biyu.

"Wannan fa?"

"Zuciyata ce, Malam."

"Ashe tana kan lokaci," in ji shi, yana yi mata fifita da hularsa.

Da la'asar ta yi, Tasalla ta ɗaga murya:

"Ku zare ni! Na yi alkawari, daga yau ko allura na sayo, sai na kawo maka ita na biya fitonta!"